Waiwayen Finafinai a Gida

Waiwayen finafinai a gida shi ne mutum ya zauna a ɗakinsa ko a falonsa ya kalli fim, tsoho ko sabo, a kaset ko faifai ko waya, sannan ya faɗi ra'ayinsa a kai, da baki ko a rubuce. Ya sha bamban da sharhin da ɗan jarida kan rubuta ranar da fim ya fito a silima, domin mai kallo a gida yana iya tsayar da fim, ya mayar da shi baya, ya kuma sake ɗauko shi bayan shekara goma ko ashirin. A yawancin ƙasashe silima ce ta fara kafuwa, kallon gida ya biyo baya. A ƙasar Hausa kuwa, masana'antar fim ɗin kanta a kan kallon gida aka gina ta, shi ya sa hukuncin da ake yanke wa fim a tsakar gida ya fi na ko'ina nauyi.

Asalin kallon gida

Kamfanin Sony na Japan ya fitar da na'urar bidiyo ta Betamax a 1975, kamfanin JVC kuma ya fitar da VHS a 1976. VHS ce ta ci kasuwa. A 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa naɗar shirin talabijin a gida don a kalla daga baya bai saɓa wa doka ba. Faifan VCD ya zo a 1993, DVD a 1996, YouTube kuma a 2005.

Tun farkon zamanin kaset aka gane cewa gida na iya soke hukuncin silima. Fim ɗin Amurka mai suna The Shawshank Redemption ya fito a 1994, kuma a fitowarsa ta farko bai mayar da dala miliyan 25 da aka kashe masa ba. Da ya shiga shagunan haya a 1995 sai ya zama ɗaya daga cikin kaset-kaset da aka fi ara a shekarar. Yau shi ne a saman jerin finafinan da masu kallo suka zaɓa a IMDb, shafin intanet na bayanan finafinai.

Yadda abin ya kasance a ƙasar Hausa

Kano ta san silima tun zamanin Turawa. An buɗe Rex a 1937, daga baya aka samu irin su Palace da Plaza da Orion da Marhaba, inda finafinan Indiya suka yi kaka-gida. Amma silima ba ta taɓa samun kyakkyawan suna a idon dattawa ba. Ana ganinta a matsayin matattarar 'yan iska, kuma gobarar silimar El Duniya ta 1951, wadda ta halaka mutum fiye da 300, ta ƙara wa mutane ƙyamar wurin. Matar aure ba ta zuwa, budurwar da ta je kuma ta ɓata sunanta. Rabin al'umma ke nan aka bari a waje.

Talabijin ce ta fara kai musu fim har ɗaki, bidiyo kuma ta ƙarasa aikin. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da ke Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda Salisu Galadanci ya ba da umarni, kuma shi ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka yi don kasuwa. Ba silima aka nufa da shi ba, kaset aka buga aka sayar. Wannan tsari ne ya ɗauki masana'antar fiye da shekara ashirin: furodusa ya kai fim wurin 'yan kasuwa a Bata ko Ƙofar Wambai da ke Kano, a buga, a rarraba zuwa Kaduna da Jos da Sakkwato, a tsallaka da shi Maraɗi da Damagaram da Yamai, har zangon Kumasi da Akara.

Duk wanda ya tashi a wancan zamani ya san yadda kallon yake. Za a aiki yaro shagon haya da 'yan kuɗi a hannu, a ce masa, "Ka ce a ba ka na biyun, na ɗayan mun gani." Gidan da ke da bidiyo ɗaya ne a layin, don haka matan maƙwabta su shigo da goyonsu bayan sallar isha'i, a shimfiɗa tabarma, yara su cika bakin ƙofa. Idan hoto ya fara rawa sai a buɗe na'urar a goge kanta da auduga. Idan bidiyo ta cinye zare, a ciro kaset a hankali a naɗe shi da yatsa, a liƙe inda ya tsinke. In an ɗauke wuta ana tsakiyar kallo, kaset ya kwana a ciki, gobe a biya kuɗin haya na kwana biyu. Sharhi kuwa tun fim bai ƙare ba ake yinsa. Uwar gida ta ce kishiyar nan ba ta da imani, wata ta ce ai mijin ne sakarai, tsohuwa ta yi salati idan an fara rawa. Waɗannan mata su ne ainihin alƙalan fim ɗin Hausa, domin abin da suka yaba shi ake sake ara, abin da suka ƙi kuma ya yi kwantai.

Sharhi a rubuce

Rubutaccen sharhi ya zo ne da mujallu. Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji ta fara fita a Kano a 1998, kuma a cikinta ne sunan Kannywood ya fara bayyana a 1999. A shekarar ta 1999 ne Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a Kaduna. Shafin wasiƙun masu karatu na irin waɗannan mujallu taska ce babba, domin a nan ne mai kallo daga ƙauye ko daga Nijar yake rubuto wa jarumi yabo ko faɗa, yana kiran sunansa kamar ɗan gidansu. A jami'a kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan finafinan da masu kallonsu.

Ma'aunin mai sharhin Hausa yana da nasa kalmomi. Ana tambaya ko fim yana da ma'ana, wato ko akwai darasi a ciki. Ana duba suturar 'yan wasa da yadda namiji da mace suke kusantar juna wurin rawa. Idan an ɗauko labarin fim ɗin Indiya an sauya masa riga, sai a ce wankiya ce. Fim ɗin barkwanci da aka yi cikin gaggawa da kuɗi kaɗan, camama ne. Wannan ma'auni ya fi karkata ga tarbiyya, kuma kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001 ya ƙara masa ƙarfi. Raunin da ke cikinsa shi ne sau da yawa akan gama sharhi ba a ce komai a kan ɗaukar hoto ko sauti ko tsarin labari ba, alhali nan ne gwanintar mai ba da umarni take.

Abin da kallo na biyu ke nunawa

Idan aka sake ɗauko fim bayan shekaru, kurakuran aiki ne ke fara tsone ido: sauti mai shiga da iska, hasken da ke sauyawa a cikin fitowa ɗaya, mota da za a nuna tana tafiya minti biyu ba don komai ba. Amma can ƙasa akwai abin da babu wanda ya lura da shi a kallon farko. Fim ɗin da aka yi a 1996, misali, ya adana titunan Kano kafin gadoji, da tasi da ɗan acaɓa, da ɗaurin ɗankwalin lokacin, da jeren kwanukan amarya, da irin Hausar da matasa ke yi kafin zuwan wayar hannu. Masu fim ɗin ba su yi niyyar rubuta tarihi ba, amma sun rubuta.

Sangaya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni a 1999, misali ne mai kyau. Labarin Maina da Zubaina ne, ɗan sarki da baiwar gidan, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki. A lokacinsa waƙarsa ce ta ɗauki mutane, da kiɗan fiyano mai kwaikwayon kayan kiɗan gargajiya, kuma masu sukar rawa da waƙa sun ɗora masa laifin buɗe ƙofa. Mai kallonsa a yau ya fi ganin fada da rawani da ladabin magana, har yakan kafa hujja da shi cewa finafinan wancan zamani sun fi na yanzu riƙo da al'ada. Fim ɗin bai sauya ba, idon mai kallo ne ya sauya. Wajibi ne mai sharhi na gaskiya ya raba tsakanin kyawun fim da begen ƙuruciyarsa, domin sau da yawa abin da mutum ke kewa shi ne tabarmar da mutanen da ya yi kallon tare da su.

Akwai kuma kallon da ake yi don waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ahmad S. Nuhu ya rasu a haɗarin mota a ranar 1 ga Janairu 2007, Hauwa Ali Dodo a 2010, Rabilu Musa Ɗan Ibro a Disamba 2014. A ƙarƙashin tsofaffin finafinansu a YouTube, addu'ar "Allah ya jiƙansa" ko "Allah ya jiƙanta" ta kan rinjayi sharhi. Ibro musamman ya samu adalci bayan ransa, domin waɗanda suka raina camama a da sun dawo suna yaba kaifin harshensa.

Zamanin waya

Satar fasaha da masu tura fim a waya sun durƙusar da kasuwar faifai. Tashar Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ta kawo shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sannan a 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So suka nuna cewa mako-mako ake son labari yanzu. Sharhi ya koma Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, kuma yakan fito cikin sa'a ɗaya da sakin shiri. Kallon ya zama na mutum ɗaya da wayarsa, muhawarar kuma ta zama ta dubbai.

Matsalar adanawa

Ba a waiwayen abin da ya ɓace. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da ƙurar hunturu da danshin damina, faifai kuma da ya karce ya gama aiki. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016. Da yawa daga tsofaffin finafinan Hausa da ke intanet an kwafo su ne daga kaset ɗin haya da ya sha hannu, hoto ya dushe, wani ma babu ƙarshensa. Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi sa'a: an gano shi cikin tsofaffin gwangwanayen fim na Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi da haɗin gwiwar cibiyar finafinai ta Arsenal da ke Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Finafinan bidiyo na shekarun 1990 kuwa, da yawansu suna cikin kwalaye a ɗakunan furodusoshi da tsofaffin masu shagon haya, ƙura na hawa kansu.