Tiyatar ƙananan jijiyoyi don gyaran ƙafar yara

Tiyatar ƙananan jijiyoyi aiki ne da likita ke yi yana duba ta madubin da ke ƙara girman abu, yana ɗinke jijiyoyin jini da kaurinsu bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. A ƙafar yaro ana yin ta idan rauni ya kwashe fata da tsoka har ƙashi ya fito, musamman a ƙasan ƙwauri, idon sawu da diddige, inda babu naman da za a jawo a rufe. Galibi hatsarin mota ne sanadi, ko injin yanke ciyawa, ko tayar babur ta kama diddige.

Tarihi

Likita ɗan Faransa Alexis Carrel ya bayyana hanyar ɗinke jijiyar jini da wata a 1902, ya samu kyautar Nobel a 1912. Sai a 1960 Jacobson da Suarez suka yi irin wannan ɗinki ta madubi a Vermont ta Amurka. A 1962 Malt da McKhann suka mayar wa wani yaro ɗan shekara 12 hannunsa da ya gutsure, a birnin Boston na Amurka. A 1973 Daniel da Taylor, a Ostiraliya, suka ɗauko fata daga gefen mara da jijiyoyinta suka rufe rauni a ƙafa. Bayan shekara biyu Taylor ya dasa siririn ƙashin ƙwauri da jijiyoyin jininsa. Wajen tsakiyar shekarun 1970 aka fara yi wa yara.

Aikin da ya fi sauya tunanin likitoci shi ne na likita Marko Godina na birnin Ljubljana a Sloveniya, wanda aka buga a 1986. Cikin majinyata 532, waɗanda aka rufe wa rauni kafin awa 72 sun fi samun nasara, ruɓa ta ragu ƙwarai. Darasin nan ya ceci ƙafafu masu yawa.

Yadda ake yi

Ana wanke raunin, a cire mataccen nama, a ɗaure ƙashi. Sannan a ɗauko tsokar gadon baya ko fatar cinya, a haɗa jijiyar da ke kawo jini da mai mayar da shi, da zaren da ya fi gashin kai siranta.

Bambancin yara

Jijiyoyinsu ƙanana ne, amma lafiyayyu, ba su kauraru kamar na tsofaffi ba. Abin kiyayewa shi ne guringuntsin ƙarshen ƙashi, inda ƙafa ke ƙara tsawo: idan ya lalace, ƙafar kan gajarce ko ta karkace, don haka ake bibiyar yaro har ya gama girma. Hana ƙaramin yaro motsi a kwanakin farko, lokacin da jini ya fi saurin daskarewa a ɗinkin, aiki ne babba ga iyaye da ma'aikatan jinya.

Saɓani

Likitoci sun sha bamban kan ko jijiyoyin yara sun fi saurin tsukewa, da kuma lokacin da yanke ƙafa ya fi ceto ta.