Zazzaɓin sati uku ba na kemis ba ne

Jiya ma sai da aka sake kawo mana wani mai taifot nan asibiti, yaro ne bai fi shekara 9 ba, cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar katako, ko yatsa ka ɗora sai ya ƙwala ihu. Na ce Mama yaushe zazzaɓin nan ya fara, ta ce ai ya kai sati uku amma muna ta ba shi magani. Wane magani? Ta kwance bakin zani ta fito da ƙullin leda, kafso ja da yalo guda huɗu, da farasitamol, da wasu ƙwayoyi ko suna babu. Na ɗari biyar aka yanko a kemis, ya sha kwana biyu jiki ya ɗan yi sanyi aka ajiye, da ya dawo aka koma aka sake yankowa.

Wallahi abin nan ya ishe ni jama'a.

Taifot ba a jini kaɗai take zama ba. Ta baki take shiga, a ruwa ko abincin da kashi ya gurɓata, ta je ta samu ƙaramin hanji, wannan dogon da ya kai wajen mita 6 yana nannaɗe a ciki, wanda shi ne ke tsotse amfanin duk abin da ka ci. A can ƙarshensa, kusa da inda ya haɗu da babban hanji, take yin gyambo. Rabin magani ba ya kashe ta, lallaɓa ta kawai yake yi, gyambon kuwa yana ta cin bangon hanjin, galibi a sati na biyu zuwa na uku sai ya huje, ƙazantar hanji ta tsiyaye ta bazu a cikin ciki gaba ɗaya. Daga nan fa babu zancen ƙwaya ko jiƙo, sai tiyata, wani ma sai an fito masa da hanjin ta gefen ciki yana kashi a jaka wata da watanni.

Na san babu kuɗi, ni ma a garin nan nake, kuma na san ba uwar da ke son ɗanta da wahala. Amma dan Allah ku lissafa kuɗin kati da gwaji, sannan ku lissafa na tiyata da jini da ƙarin ruwa. Ku kuma iyaye maza da ke miƙa ɗari biyar a bakin ƙofa ku ce a siyo masa wani abu ku wuce kasuwa, da ku nake. Mai kemis ɗin nan ko cikin yaron bai taɓa ba.

A taƙaice dai:
- zazzaɓi ya wuce kwana uku, a zo asibiti a auna
- maganin da likita ya rubuta a shanye shi tas, ko da yaro ya tashi yana wasa
- ciwon ciki mai tsanani, kumburi, amai, ko jini ko baƙin kashi, a taho a daren, kar a jira asuba
- in ciki ya yi tauri kar a gasa, kar a yi tsaga, kar a ɗura masa komai
- a tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu bayan ban ɗaki

Yaron na jiya an yi masa aiki cikin dare, yanzu yana kwance da roba a hanci, ku sa shi a addu'a.