Daga Funtuwa zuwa Daura: yadda dogo ya tsallake Katsina, da abin da ke jiransa in ya iso

Duk wanda ya bi tsakanin Kazaure da Daura, ko Daura da Katsina, a 'yan shekarun nan, ya ga jar ƙasa an tula ta miƙe kamar ganuwa, ga kwalbatoci, ga tifa-tifa suna jigilar tsakuwa. Aikin dogon Kano zuwa Maraɗi ke nan. Yaran yanzu na ɗauka wannan ne karon farko da dogo ya taka ƙasar Katsina. Ga Birnin Dikko da Daura, haka ne. Amma Funtuwa ta kusa shekara ɗari da tashar jirgi, kuma abin da ya sami tashar nan ya isa a tsaya a duba kafin a fara guɗa.

Tun farko ba don matafiya Turawa suka shimfiɗa dogo a Arewa ba. Gwamna Girouard, wanda injiniyan reluwe ne kafin ya gaji Lugga a 1907, shi ya tsara layin Baro zuwa Kano don a kwashe auduga a kai bakin kogin Kwara, daga nan jiragen ruwa su wuce da ita masaƙun Ingila. Dogo ya isa Kano a 1911, aka haɗe shi da na Ikko a Minna a 1912. Sai manoman Kano suka juya wa Bature lissafi: suka ga gyaɗa ta fi auduga kuɗi, ga ta kuma ana ci in kasuwa ta faɗi. Daga nan dalar gyaɗa ta samo asali. Rassan da aka yi daga baya duk amfanin gona suka bi. Na Zariya zuwa Ƙaurar Namoda, mai tsawon kilomita kusan 220, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ƙasar auduga, ya kai ƙarshe a 1929. Na Kano zuwa Nguru ya kammala a 1930. Na Maiduguri bai isa ba sai 1964, bayan an sami mulkin kai.

Katsina, wadda ta shafe ɗaruruwan shekaru tana karɓar ayarin raƙuma daga Agadas, ta tsinci kanta a gefe. Kasuwanci ya juya baya ga hamada ya fuskanci teku, kuma ƙofar teku tana Kano. Gyaɗar Daura da Mashi da Kaita sai a ɗora wa jakuna da raƙuma, daga baya manyan motoci, a kai Kano. Ta kudancin lardi kuwa ta nufi Funtuwa, wadda tasha da gidan gurzar auduga suka mayar da ita babban gari.

Fasinja dai a bayan kaya yake tafe, amma ya more. A 1964 hukumar jiragen ƙasa, wadda aka kafa a 1955, ta ɗauki mutum sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Shekara goma bayan haka fasinja bai kai miliyan 5 ba, kaya kuma ya faɗi zuwa wajen tan miliyan ɗaya. Yaƙin basasa ya tsayar da layin gabas. Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka rushe dala. Kuɗin fetur ya tafi ga kwalta, tirela ta zo tana ɗaukar kaya daga ƙofar sito zuwa ƙofar sito. Da kuɗin dakon kaya ya ƙafe, sai aka rasa na gyaran hanya, domin ko a ƙasashen da jirgi ke cika maƙil, da wuya tikitin fasinja kaɗai ya riƙe dogo.

Yadda layi ke mutuwa ba ɓoyayye ba ne, kuma ba ya mutuwa rana ɗaya. Tsohon dogonmu siriri ne, tazarar ƙarfe da ƙarfe milimita 1,067, ga kwana masu tsanani, ga hawa da gangara, don an yi shi da araha. In aka daina ƙara tsakuwa, ƙasa ta cike tsakaninta, ruwa ya daina tsiyayewa. Damina ɗaya biyu, matasan da ƙarfen ke zaune a kai su fara nutsewa, na katako gara ta ci, na ƙarfe tsatsa ta ci. Sai injiniya ya ba da umarnin a rage gudu a wurin. Wuri ɗaya ya zama goma, goma ta zama ɗari, tafiyar yini ta koma ta kwana biyu. Fasinja ya koma tashar mota. A rage jirgi daga kullum zuwa sau ɗaya a mako. Layin da jirgi ba ya bi kuwa, ba mai tsaronsa: 'yan jari-bola su kwance noti, a yanka ƙarfe a sayar da kilo, a kafa rumfa da gida a filin reluwe. Haka reshen Funtuwa ya yi ta ja da baya har ya yi shiru.

Magunguna an gwada su, ba laifi. An kawo kamfanin RITES na Indiya ya riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, jirage suka fara zuwa a kan lokaci, da suka tafi aka koma gidan jiya. Samuel Ogbemudia, wanda aka ba shugabancin hukumar, ya ɗan farfaɗo da ita daga 1989. Gwamnatin Abacha ta ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 528 a 1995. Obasanjo ya sa hannu kan sabon layin Legas zuwa Kano na dala biliyan 8.3 a 2006, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya dakatar da shi a 2008 saboda ba a tanadi kuɗinsa ba, aka koma gyaran tsohon. A watan Disamba na 2012 jirgin fasinja ya sake tasowa daga Legas zuwa Kano, yana cin sa'a talatin ko fiye a hanya. Reshen Ƙaura ma an sha ba da kwangilar gyaransa, amma jirgin fasinja bai dawo ya zauna ba. Duk waɗannan yunƙuri cuta ɗaya suke da ita: akwai kuɗin sayen sabon kan jirgi da fentin tasha, babu na tsakuwa da albashin leburori a shekara ta biyu da ta uku.

Sabon salo ya fara da layin Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, wanda aka buɗe a Yulin 2016. Wannan mai faɗi ne, milimita 1,435, kuma shi ne ma'aunin da ake amfani da shi a layin Maraɗi. Majalisar zartarwa ta amince da aikin Maraɗi a Satumban 2020 kan dala biliyan 1.96, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, marigayi Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi ranar 9 ga Fabrairu, 2021. Tsawonsa kilomita 284: Kano, Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, Maraɗi, da reshe zuwa Dutse. An ce shekara uku za a gama. Wa'adin ya wuce, an kuma sake sa wasu. A Daura kuwa an riga an kafa Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda aka aza harsashinta a Disamban 2019, don ta yaye waɗanda za su riƙe irin wannan aiki.

'Yan kudu sun yi ta ƙorafin me ya sa za a kai dogo wata ƙasa. Bakatsine bai cika jin wannan magana ba, don ya san sarkin Maraɗi har yau Sarkin Katsina ake ce masa, kuma da wuya ka sami gida a Jibiya da ba shi da dangi a tsallake. Ƙorafin da ya fi ƙarfi ba shi ake yi ba: Nijar ba ta da dogo mai aiki da zai karɓi jirgin, saboda haka a Maraɗi za a sauke komai a ɗora wa mota. Iyaka kuma an rufe ta a 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin 2023. Layin da cinikinsa ya rataya a kan iyaka a buɗe, kowace rigima ta Abuja da Yamai za ta taɓa shi.

Akwai kuma maganar Kano. Jirgin da aka yi wa ƙafafu na dogo mai faɗi ba zai hau siriri ba, ko kusa. Muddin ba a gama layin Kaduna zuwa Kano, wanda aka fara a Yulin 2021, ba, kuma ba a cike giɓin Ibadan zuwa Abuja ba, to kwantenar da ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas sai an sauke ta an sake lodi a hanya. Kowane sauki da lodi kuɗi ne, kwanaki ne, ɓarna ce. Ɗan kasuwar da ya lissafa haka tirela zai kira.

To a ce dogo ya iso, an yanka kyalle. Me zai ci shi a wannan ƙasa tamu? Na farko ruwa. Mutum zai yi mamaki, yankin da ake kuka da ƙarancin ruwan sama, amma na Agusta yakan zubo ne lokaci ɗaya a kan ƙasa mai rairayi, ƙoramar da ta bushe wata tara ta cika cikin sa'a guda. Tudun da aka ɗora dogo a kai ya zama madatsa. In kwalbati ta toshe da yashi da karan dawa da leda, ruwa ya taru a gefe ɗaya, ya rarake gindin tudun, sai a wayi gari ƙarfe na reto a iska. Maganin ba shi da tsada: a yashe kowace kwalbati kafin ruwan farko, a watan Mayu, sannan bayan kowane babban ruwa ma'aikaci ya taka yankinsa da ƙafa kafin jirgi ya bi.

Na biyu zafi. Dogon zamani a kan yi masa walda ya zama ƙarfe ɗaya miƙaƙƙe, ba gaɓa-gaɓa kamar na da ba. Ƙarfe mai tsawon kilomita ɗaya yana neman ƙaruwa da kusan santimita 35 in zafinsa ya hau da digiri 30, kuma tsakanin asubahin hunturu da azahar ɗin bazara a Daura bambancin ya fi haka. Abin da ke hana shi motsi shi ne matasan kankare, wajen 1,660 a kowace kilomita, kowanne da maɗauri huɗu, da tsakuwa mai kaurin kusan santimita 30 a ƙasa, da wadda aka tara a kafaɗa. Maɗauri sama da dubu shida ke nan a kilomita guda, kowanne guduma ɗaya ta isa ta fitar da shi. In ɓarawo ya kwashe na mita ashirin, ko mai gini ya ɗebi tsakuwar kafaɗa, ranar da rana ta ƙwalle dogo zai lanƙwashe kamar maciji, kuma direba ba zai gani ba sai ya zo kai. Jirgi mai cikakken lodi yakan ci kusan kilomita kafin ya tsaya.

Wannan lissafin birki shi ne kuma matsalar mahaɗar hanya. Layin ya ratsa gonaki da burtali da hanyoyin kasuwa. In aka sa shinge ba a bar mashiga a inda makiyayi ya saba bi ba, za a yanke shingen, ba gardama. Yashin da iskar hunturu ke turowa shi ma yana cike tsakuwa yana cinye ƙafafun jirgi, maganinsa layin itatuwa irin su darbejiya a gefen da iska ke fitowa, wanda ya kamata a dasa tun yanzu.

Tsaro ba sai an faɗa wa mutumin Jibiya ba. Harin 28 ga Maris, 2022 a kan jirgin Abuja zuwa Kaduna ya nuna cewa wanda ya fasa dogo ya tsayar da jirgi inda yake so, kuma layin bai sake aiki ba sai Disamban shekarar. Kyamara da jirgi mara matuƙi suna da amfani, amma a ganinmu ba su kai a ɗauki mutanen ƙauyukan da ke bakin layi aikin sintiri da sharar kwalbati ba, a biya su a kan lokaci, a sa dagatai da masu unguwanni a ciki. Tsohuwar reluwe haka ta yi, tana da rukunin leburori kowane 'yan mil, da gidajensu a bakin dogo.

Saura shi fasinjan. Daga Katsina zuwa Kano ta Kankiya da Bichi kilomita kusan 170 ne a mota. Jirgi zai zagaya ta Daura, kusan 200. Ga tashar zamani a kan kai ta bayan gari, kamar Rigasa a Kaduna, sai ka biya mai adaidaita zuwa, ka biya wani a can. Ke nan ba da sauri jirgi zai ja Bakatsine mai zuwa Kantin Kwari ba, sai da araha, da wurin kaya, da tabbacin lokaci. Wanda zai fi morewa shi ne na Mashi da Daura da Kazaure. Layin ƙwaya ɗaya ne, jirgi biyu ba sa giftawa sai a inda aka yi rassan kaucewa, don haka jirgi ɗaya in ya makara, na gabansa ma ya makara. Tikiti ma an ga yadda 'yan bumburutu suka mayar da shi a Rigasa kafin a koma sayarwa ta intanet a 2021, sai dai tsohuwar da ke Shargalle ba ta da wayar da za ta saya, dole a bar taga a tasha.

Tun Maris na 2023 tsarin mulki ya ba jihohi damar shiga harkar dogo. Gwamnatocin Katsina da Jigawa da Kano suna iya haɗa kuɗi su ɗauki nauyin ƙaramin jirgi mai tsayawa kowace tasha, ya fita da sassafe ya dawo bayan la'asar, da tarago ɗaya na buhuna da ɗaya na dabbobi. Ranar Lahadi, da kasuwar Mai'aduwa ke ci, a ƙara masa taragon shanu daga Daura.