Idan nas za ta iya, makaranta ce za ta biya: dokar Amurka kan jinyar ɗalibai

An haifi Amber Tatro, 'yar garin Irving a jihar Teksas, da larurar da likitoci ke kira spina bifida, wato ƙashin bayanta bai gama haɗewa ba tun tana ciki. Ba ta iya yin fitsari da kanta. Duk bayan awa uku ko huɗu sai an sa mata siririn bututu an zubar da abin da ya taru a mafitsara, in ba haka ba ƙodarta ta taɓu. Aikin ba mai wuya ba ne, cikin ƙasa da awa guda mutum zai koya, kuma iyayenta da yayanta da mai rainonta duk sun iya. Amma da aka zo sa ta a makaranta a 1979, hukumar makarantun yankin ta ce wannan aikin asibiti ne, ba ruwanta da shi. Ma'anar hakan a fili take: an ba yarinya gurbi a aji, an kuma hana ta abin da zai sa ta iya zama a cikinsa.

Iyayenta suka kai ƙara kotu. Dokar da suka riƙa an kafa ta ne a 1975, aka sauya mata suna zuwa IDEA a 1990. Ta wajabta wa makarantun gwamnati su ba duk yaro mai naƙasa ilimin da ya dace da shi kyauta. Ba koyarwa kaɗai ba, har da hidimomin da sai da su yaron zai amfana da karatun, kamar motar kai shi makaranta, gyaran magana, da kula da lafiyarsa a lokacin karatu. Sai dai dokar ta cire aikin likita daga ciki, in ban da binciken gano larurar yaro. A kan wannan gaɓar rigima ta tsaya: sa bututun fitsari aikin likita ne ko hidimar makaranta?

A 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta raba gardama da ma'auni mai sauƙi. Abin da sai likita ne kaɗai zai iya yi, ba dolen makaranta ba ne. Abin da nas ko wani da aka horar zai iya yi, wajibinta ne. Kotun ta kuma sa iyaka: sai yaron ya kasance cikin masu buƙatar koyarwa ta musamman, kuma sai hidimar ta zama dole a lokacin makaranta. Maganin da za a iya sha a gida da safe ko da dare ba ya shiga lissafi.

Bayan shekara goma sha biyar aka gwada ƙarfin wannan ma'auni da shari'ar da ta fi ta farko nauyi. Garret F., ɗalibi a garin Cedar Rapids na jihar Ayowa, ya yi hatsarin babur yana ɗan shekara huɗu, lakarsa ta tsinke, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau, karatunsa na tafiya yadda ya kamata, amma da na'ura yake numfashi. Dole wani ya zauna kusa da shi yini guda: ya zuƙe majinar da ke taruwa a bututun maƙogwaronsa, ya kishingiɗar da shi na minti biyar kowace awa, ya ba shi abinci, in kuma na'urar ta tsaya ya riƙa matsa masa iska da jakar hannu. Shekaru iyalinsa na ɗaukar wannan nauyi da kuɗin inshora da na diyya, sai a 1993 mahaifiyarsa ta nemi hukumar makarantu ta karɓa. Hukumar ta ce kuɗin ya yi yawa, kuma jinya ce ba ta yankewa. A watan Maris na 1999 alƙalai bakwai cikin tara suka ce tsada ba hujja ba ce. Tunda ba likita ake buƙata ba, hukumar za ta biya.

Ni a ganina hukuncin ya yi daidai. Da an bar kuɗi ya zama ma'auni, yaran da larurarsu ta fi tsanani su ne za a fara sallama gida, alhali domin su aka yi dokar tun farko.

A aikace, komai yana rataye ne a takarda guda da ake kira IEP, wato tsarin karatun da ake rubuta wa kowane yaro shi kaɗai. Iyaye na cikin kwamitin da ke rubuta ta, kuma ana sake duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara. A nan ya kamata a faɗi wace hidima za a yi, sau nawa, a ina, kuma daga yaushe. Alƙawarin baki da shugaban makaranta ya yi a ofis yana da wuyar kamawa ranar da aka samu saɓani, abin da ke rubuce shi ake bi. In an kasa daidaitawa, iyaye na da damar neman sulhu, ko zaman sauraron ƙorafi a gaban jami'in da ba ya ɓangaren kowa, daga nan kuma sai kotu.

To, yaron da ke da ciwon sukari ko asma ko farfaɗiya, amma ba ya buƙatar koyarwa ta musamman fa? Shi wata doka ce ke kare shi, Sashe na 504 na dokar 1973 da ta hana nuna wa masu naƙasa bambanci a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. A ƙarƙashinta ake rubuta wanda zai auna masa sukari, wanda zai yi masa allurar insulin, da abin da za a yi in ya faɗi a filin wasa ko a wajen yawon buɗe ido na makaranta.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dokar tarayya ba ta ce lallai kowace makaranta ta ajiye nas ba. Jihohi ne ke tsara wannan, su ne kuma ke faɗin ayyukan da nas za ta iya miƙa wa ma'aikacin da ba shi da lasisi. A Kalifoniya sai da magana ta kai kotun ƙolin jihar, wadda a 2013 ta yarda ma'aikatan makaranta da aka horar su yi wa ɗalibai allurar insulin. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa kowace makaranta ta samu nas ta cikakken lokaci, amma shawara ce, ba doka ba.

Batun kuɗi kuwa yana nan bai warware ba, kuma hukumar Cedar Rapids ba ƙarya ta yi ba da ta ce nauyin babba ne. Tun 1975 majalisar dokokin Amurka ta tsara cewa gwamnatin tarayya za ta iya ba da har kashi 40 cikin 100 na matsakaicin abin da ake kashewa kan ɗalibi, domin tallafa wa karatun kowane yaro mai naƙasa. Ba ta taɓa kaiwa nan ba, jihohi da hukumomin makarantu ne ke cike giɓin daga aljihunsu.