Hutun iyali a katafaren jirgin ruwa: amsar tambayoyin 'yan uwa a Legas

Tun da muka dawo daga hutun da muka yi da yara da Hajiyarmu a jirgin ruwan yawon buɗe ido a Bahar Rum, tambayoyi ba su yanke mini ba: a majalisarmu ta Agege bayan la'asar, a wurin aikina na fito da kaya a Apapa, har ta hannun maiɗakina daga ƙawayenta. Na tattaro waɗanda aka fi nanatawa. A ganina tafiya ce mai kyau ga iyali, amma waɗanda suka tsara ta ba da mu a ransu suka tsara ba. Saboda haka duk abin da Bahaushe Musulmi yake bukata a cikinta, tun daga Legas zai shirya abinsa.

Alhaji, a nan Apapa ake hawa jirgin?

A'a. Apapa da Tin Can tashoshin kaya ne, kwantena da motoci da alkama ake saukewa. Babu jirgin yawon buɗe ido da ya mai da Legas tasharsa ta ɗaukar fasinja duk mako. Sai ka hau jirgin sama daga filin Murtala Muhammed da ke Ikeja zuwa garin da jirgin ruwan zai tashi. Na Bahar Rum sun fi tashi daga Basalona a Sifen, ko Jenowa, ko tashar da ke kusa da birnin Rum a Italiya. Da hunturu akwai masu tashi daga Dubai su zaga Abu Dabi da Doha. A Afirka kuwa, kamfanin MSC yana ɗaukar fasinja daga Darban ta Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik, tafiyar 'yan kwanaki. Na tsibiran Karibiyan yawanci daga Mayami ta Amurka suke tashi.

Ka isa garin kwana ɗaya kafin ranar tashi. Wanda ya san yadda jirgin sama ke jinkiri, ko yadda akwati ke maƙalewa a filin da aka canja jirgi, ba zai sauka da safe ya ce zai kama jirgin ruwa da yamma ba. Kuɗin otal na dare ɗaya bai kama ƙafar asarar tikitin iyali duka ba.

Wai da gaske ya fi unguwa girma?

Icon of the Seas, na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara jigila daga Mayami a Janairun 2024, tsawonsa kusan mita 365 ne, hawa 20, kuma yana iya ɗaukar fasinja har 7,600 ban da ma'aikata. Namu bai kai shi ba, amma duk da haka daga ɗakinmu zuwa wurin cin abinci tafiya ce da take sa dattijuwa ta tsaya ta huta. In da tsoho a cikin tafiyar, a nema masa ɗaki kusa da lifta.

Waɗanne takardu ake bukata?

Fasfo mai sauran aƙalla wata 6 bayan ranar dawowa, na kowa, har jariri. Sai biza. Tikitin jirgin ruwa ba ya maye gurbin biza, kuma nemanta wuyan fasinja ne. Bahar Rum bizar Shengen take bukata, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, ita kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ga wani tarko da mutane ba sa lura da shi: in jirgin zai tsaya a Tunisiya ko Turkiyya sannan ya dawo Italiya, ka fita daga ƙasashen Shengen ke nan ka sake shigowa, don haka bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi ba, sai mai shiga da yawa. Ma'aikatan tasha suna duba wannan tun a ƙofar shiga, kuma ko ka rantse ba za ka sauka a wancan garin ba, suna iya hana ka hawa.

Mai zuwa Afirka ta Kudu daga Nijeriya ya riƙe katin allurar rigakafin shawara. In uwa kaɗai ko uba kaɗai ne zai tafi da yara, a tafi da takardar haihuwarsu da takardar amincewar ɗayan. Shawarata, kada ka biya kuɗin da ba a maidowa sai biza ta fito.

Kuɗin tikiti ya haɗa da komai da komai?

Nan ne aka fi yaudarar kai. Tikiti ya ƙunshi ɗaki, da abinci a babban ɗakin cin abinci da wurin ɗiba da kanka, da wasannin dare, da wurin renon yara. Ruwan famfo mai tsabta da shayi da kofi na wurin ɗiba da kanka kyauta ne. Amma ruwan roba, lemon kwalba, intanet, wanki, hoto, ganin likita, da yawon da kamfani ke shiryawa a garuruwa, duk kuɗinsu daban.

Akwai kuma kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum, ba tare da an tambaye shi ba. A manyan kamfanonin Amurka yakan kama daga dala 16 zuwa 20 a kan mutum ɗaya a rana. Ka ninka wannan da yawan iyalinka da yawan kwanaki, sannan ka juya shi zuwa naira, za ka ga ba ƙaramin abu ba ne. Ni ban ƙi biyansa ba, domin na ga yadda waɗannan bayin Allah, 'yan Indunusiya da Filifin da Indiya, suke shafe watanni ba su ga iyalinsu ba suna gyara mana ɗaki safe da yamma. Amma a sa shi cikin lissafi tun daga gida.

A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Kati ɗaya ake ba kowa: shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma aljihu. Ana haɗa shi da katin bankinka, ko ka ajiye dala ko yuro a asusun jirgi. Tun kana Legas ka je bankinka ka tabbatar katinka yana aiki a waje, kuma ka san iyakar abin da zai iya cirewa. Mai asusun dala ya fi samun sauƙi. Katin yara kuwa, a ranar farko ka je teburin kula da baƙi ka ce a rufe sayayya a kansa. Yaro in ya ga ɗan goga kati kawai yake yi injin wasa ya kunna, bai san kuɗin babansa ke tafiya ba.

Waya kuma, da zarar jirgi ya bar gaɓa a sa ta a yanayin jirgin sama. A tsakiyar teku layinka na iya kama na'urar jirgin mai amfani da tauraron ɗan Adam, kuma cajinta ba na wasa ba ne.

Hajiya ta ce in tambaye ka, me kuka ci? Akwai halal?

Ki gaya wa Hajiya yunwa ba za ta kama ta ba, amma sai da lura. Naman alade yana ko'ina, musamman da safe, kuma ba kullum yake zuwa a siffar da za ki gane shi ba: yana cikin miya, cikin taliya, cikin ƙwan da aka soya. Turawa kuma suna zuba giya a wasu miyoyi da kayan zaƙi. Wasu kamfanoni suna tanadar naman halal in an sanar da su makonni kafin tafiya, don haka a rubuta musu tun lokacin sayen tikiti, a kuma karɓi amsarsu a rubuce.

Mu dai kifi muka riƙe, da ƙwai, shinkafa, dankali, wake, ganye da 'ya'yan itace. Abin da ya fi taimaka mana shi ne babban ɗakin cin abinci, inda teburinku ɗaya ne kuma mai hidimarku ɗaya ne har ƙarshen tafiya. Namu wani matashi ne Musulmi ɗan Indunusiya. A daren farko da ya ji Hajiyarmu ta yi bisimilla, sai ya sunkuyo ya ɗora yatsa a kan takardar abinci yana bin layi ɗaya bayan ɗaya: wannan a'a, wannan akwai giya, wannan ki ci. Daga nan kullum yakan kawo mana takardar gobe mu zaɓa tun yau. A wurin ɗiba da kanka ba ka samun irin wannan, kuma cokali ɗaya na iya yawo daga wannan tire zuwa wancan.

Yaji da garin kuka ba su da matsala. Kilishi da dambun nama kuwa a bar su a Agege, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara daga waje.

To salla fa? Ina gabas a tsakiyar teku?

Malamai sun daɗe da yin bayanin sallar cikin jirgin ruwa: mai iya tsayuwa ya tsaya, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iyawarsa. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli, kowa ya zauna da malaminsa kafin tafiya. Abin da zan ƙara shi ne na aikace. Manhajar alƙibla ta waya tana rikicewa saboda jirgin duk ƙarfe ne. Talabijin ɗin ɗaki yana da tashar da ke nuna taswira da inda jirgi ya sa gaba, da ita muke kwatanta. A Legas gabas muke fuskanta da ɗan karkata arewa. A yammacin Bahar Rum kuwa gabas ne da karkata kudu. Lokuta ma sun bambanta: da bazara a Basalona rana takan wuce ƙarfe 9 na dare ba ta faɗi ba, saboda haka a duba wannan kafin a zaɓi lokacin cin abincin dare.

Yawancin jiragen ba su da masallaci, a ɗaki ake salla. A tafi da darduma marar nauyi da ƙaramar buta, don ban ɗakinsu ba ya da ita. Mata kuma su sani: kasko da gawayi da turaren wuta ba sa shiga jirgi, haka dutsen guga da tukunyar dafa ruwa. Babu abin da matuƙa jirgin ruwa ke tsoro kamar gobara, kuma za a ƙwace su tun a wurin binciken kaya. Humra da turaren fesawa sun wadatar.

Ba ka ji tsoron nutsewa ba?

Wanda ya saba hawa kwalekwale daga Ikorodu zuwa CMS zai yi mamakin yadda wannan ba ya ko motsi in teku ta kwanta. Amma hatsari yana faruwa. A ranar 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Jiliyo na Italiya, mutum 32 suka rasu, kuma wasu fasinjojin da suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisayen ceto ba. Bayan wannan aka gyara dokar kare rayuka a teku ta duniya, aka wajabta atisayen kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Alamar gaggawa ita ce busa bakwai gajeru da ɗaya doguwa. A jikin katinka an rubuta wurin da za ka taru, ƙananan yara kuma ana ɗaura musu abin hannu mai wannan alama don ma'aikata su kai su wurin iyayensu. Kada magidanci ya je shi kaɗai ya ce ya wakilci gida. Kowa ya taka da ƙafarsa ya ga wurin, har da hanyar matattakala, domin ranar gaggawa ba a hawa lifta.

Jiri da amai fa?

Mai saurin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa. Gaba da can sama sun fi tangaɗi. Citta tana taimakawa, akwai kuma ƙwayar maganin jiri da za ka saya a kemis kafin tafiya. Abin da ya fi jiri yawo a jirgi shi ne ciwon amai da gudawa mai saurin yaɗuwa, kuma wanke hannu da sabulu ya fi man tsabtace hannu na sanitaiza maganinsa. Masu hawan jini da ciwon suga su sa maganinsu a jakar hannu, da ƙari, don akwati yakan kai yamma bai iso ɗaki ba. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da ya kai mako 24, ko jaririn da bai cika wata 6 ba.

Yaya, tarbiyyar yara fa? An ce akwai caca da mashaya.

Akwai, kuma ba a ɓoye suke ba. A jirage da dama sai ka ratsa ta gefen gidan caca kafin ka kai wurin cin abinci, bakin wurin ninƙaya kuma shigar mutane ba irin tamu ba ce. Wannan ne ya sa nake cewa ba tafiyar da za a saki yara ba ce a ce ai ba inda za su je. Mu mun yi yawon gane hanya a ranar farko, muka zaɓi hawan da za mu riƙa bi, muka sa lokacin da kowa zai dawo ɗaki. Wurin ninƙaya da sassafe babu kowa, lokacin muke kai su. Maiɗakina da 'yan matanmu da hijabinsu suka yi tafiyar duka, babu wanda ya ce musu uffan. Ɗaki mai baranda yana da daɗi ga matan da ke son shan iska ba tare da cuɗanya ba, amma in akwai ƙaramin yaro ƙofar ta zauna a kulle, kada a bar kujera kusa da shingen.

In jirgi ya tsaya a gari muka makara, zai jira mu?

In yawon kamfani kuka bi, zai jira motarsa. In da kanku kuka fita, ba ya jiran kowa. Ana rubuta lokacin dawowa a ƙofar fita, yawanci rabin awa kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki, wanda wani lokaci yakan saɓa da na garin. A wata tasha muna tsaye a sama muka ji ana ta kiran sunan mutum biyu a lasifika. Can sai ga su a guje, matar ta cire takalmi ta riƙe a hannu, mijin na jan ledojin sayayya, ma'aikata sun riga sun fara kwance igiya. Da ƙyar suka shiga. Wanda jirgi ya bari, shi zai nemi hanyar da zai tarar da shi a tasha ta gaba da kuɗinsa, kuma ga mai fasfon Nijeriya wannan na iya zama ƙasar da bizarsa ba ta kai ba. Duk ranar da za ku sauka, ku ɗauki hoton lambar wayar wakilin jirgi na wannan tashar da ke cikin takardar shirin ranar, ku riƙe fasfo ko kwafinsa, ku kuma sa wa kanku dawowa awa ɗaya da rabi kafin lokacin da aka rubuta.