Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim

Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, wanda ɗalibai ke kira KIL a taƙaice, shi ne babban laburaren Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Yana cikin harabar Samaru, kuma yana daga cikin manyan ɗakunan karatu na jami'o'in Najeriya.

Laburaren ya girmi jami'ar. Tushensa ɗan ƙaramin ɗaki ne da aka ware a 1955 domin Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, reshen Zariya. Da aka kafa jami'ar a watan Oktoba na 1962, sai ta gaji kwalejin da littattafanta. An raɗa masa sunan Sir Kashim Ibrahim, mutumin Borno, ɗan Najeriya na farko da ya zama Gwamnan Jihar Arewa, daga 1962 zuwa 1966. Sunan ya dace, domin tun kafin siyasa malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina. Ginin da ake amfani da shi yanzu an buɗe shi ne a 1976, bayan ɗalibai sun yi wa na baya yawa.

Littattafan darasi da mujallun ilimi su ne mafi yawan abin da ke kan kantocinsa, amma darajarsa a wurin masu bincike tana sashen Afirka. A nan ake adana tsofaffin littattafai masu wuyar samu, da takardun gwamnati, da kundayen digiri na biyu da na uku da aka rubuta a jami'ar. Wanda ke neman tarihin Arewa, ko noma a ƙasar Hausa, ko nazarin harshen Hausa, da wuya ya kammala aikinsa bai leƙa waɗannan kundaye ba, don da yawansu ba a taɓa buga su ba. Akwai kuma sashen littattafan Larabci.

A ƙarƙashinsa akwai rassa, kamar Laburaren Shugaba Kennedy a harabar Kongo, da na Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, da na likitanci da na likitan dabbobi.

Yanzu an ɗora kundaye masu yawa a intanet, a rumbun jami'ar mai suna Kubanni, wato sunan kogin da ya ratsa harabar Samaru, inda ake iya sauke su daga ko'ina.