Sana'ar cikin gida da dokar CAMA: yaushe rajista ta zama dole?

Goggona ta fi shekara 10 tana daka yajin daddawa a tsakar gida. Bayan la'asar za ka ji lugude, ƙamshin citta da kanumfari ya cika zaure, yara na shigowa da 'yan canjinsu a hannu. Ba wanda ya taɓa tambayarta wata takarda. Bara 'yarta ta raɗa wa yajin suna, ta buga 'yar takarda mai mannewa, aka bar ƙullin leda aka koma ƙananan robobi masu murfi, aka sa hoto a WhatsApp. Ba a yi wata uku ba wani mai babban kanti ya ce zai ɗauki katan biyar, amma sai ya ga takardar rajista, kuma kuɗin a asusun sana'a zai zuba.

Ta kira ni ranta a jagule. "Ɗan nan, wai yanzu yajin ma sai da izinin gwamnati?"

Na ce, "Goggo, abu biyu kuka taɓo: sunan da kuka raɗa masa, da robar da kuka rufe shi a ciki. Kowanne da hukumarsa."

Bayanin da na yi mata ranar shi nake so in shimfiɗa a nan, domin na ga mata da yawa, har da matasa maza, suna faɗawa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Wasu tsoron hukuma ya hana su faɗaɗa sana'ar. Wasu kuma sun kwashe rabin jarinsu sun ba ɗan tsakiya ya yi musu rajistar kamfanin da ba su da buƙatarsa.

Dokar da ke kula da sunayen kasuwanci a Najeriya ita ce dokar kamfanoni da ake kira CAMA. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu ranar 7 ga Agusta, 2020, ta maye gurbin tsohuwar ta 1990. Hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, mai hedikwata a Maitama da ke Abuja, ita ke aiwatar da ita. Babu inda dokar ta ce sai kina da shago, kuma ba ta yanka wa mai rajistar sunan sana'a wani adadin jari ba. Adireshin gidanku ya isa ya zama wurin kasuwancin.

Suna ne abin da dokar ta sa wa ido. Sashe na 814 ya ce duk mai kasuwanci da wani suna sai ya yi masa rajista, in ban da wanda yake amfani da sunansa na gaskiya zalla, wato sunan yanka da na mahaifi ko na dangi, ba tare da ƙarin komai ba. Mai ɗinkin da unguwa ta san ta da sunanta, kuma da shi take karɓar aiki, wannan sashe bai tilasta mata ba. Amma da zarar an liƙa wani abu a jikin sunan, ko "Gidan Turare" ne, ko "Enterprises", ko "da 'Ya'yansa", to an fita daga wannan sassaucin. Haka in an ƙirƙiro sabon suna ɗungurungum, irin wanda 'yar Goggo ta yi. Sashe na 815 ya ba da kwana 28 daga ranar da aka fara kasuwanci da sunan a kai shi rajista.

Hikimar abin a bayyane take, kuma ni ina ganin adalci ne. In kika sayi humra daga wata da kika san sunanta da gidansu, ta ƙone miki fata, kin san ƙofar da za ki buga. In kuwa wani suna ne mai ƙyalli a Instagram, wa za ki kama? Rajista ita ke ɗaure sunan da mutum mai rai, mai adireshi. Shi ya sa hukuncin bai yi sauƙi ba: sashe na 863 ya tanadi tarar da ke hauhawa kullum, ko ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko duka biyun. A aikace ba a bin gida-gida ana kama masu ƙosai. Dokar tana riskar mutum ne a bakin banki, ko wurin babban mai saye, ko ranar neman tallafi. Masu sana'ar POS sun shaida haka a 2024, lokacin da CAC ta ba su wa'adin yin rajista, ta kafa hujja da wannan sashen.

Yin rajistar kansa ba ya buƙatar lauya. A shafin hukumar na intanet ake yi, ko da waya. Ana buƙatar lambar NIN, lambar waya, imel, hoton fasfo, sa hannu, adireshi, da bayanin irin sana'ar. Da farko ki nemi a ajiye miki sunan. In ba wanda ya riga ki, kuma bai yi kama da na wani har ya ruɗar da jama'a ba, za a riƙe miki shi kwana 60. Kalmomin da ke sa a zaci sana'ar ta gwamnati ce, irin su na tarayya, na ƙasa ko na jiha, sai da izini na musamman, don haka ki guje su tun farko. Shekaru da dama kuɗin hukuma naira 500 ne na ajiye suna da naira 10,000 na rajista. A 2025 an ƙara kuɗaɗen, saboda haka kafin ki miƙa wa kowa ko sisi, ki duba farashin da ke shafin hukumar, ki san nawa ne na gwamnati, nawa ne ladan mai taya ki. Wani lokaci ma ana samun rangwame: a 2020, cikin shirin tallafin da ya biyo bayan annobar korona, gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin rajistar sunaye 250,000 kyauta.

A nan zan ɗan tsaya, don nan ne aka fi cutar mata. Da yawa sukan ba wani ɗan'uwa ko mai shagon kwamfuta ya cike musu, shi kuma ya sa imel ɗinsa da lambar wayarsa. Takardar shaidar ta intanet ake sauke ta, duk wani gyara na gaba kuma ta wannan asusun zai bi. Ranar da kuka ɓata ko ya bar gari, kin rasa makullin sana'arki. Wanda ya fi wannan ciwo shi ne a yi rajistar da sunan maigida ko yaya, wai don sauƙi. A idon doka, wanda sunansa ke kan takardar shi ne mai sana'ar. In rabuwa ta zo, ko rasuwa, sunan da kika yi shekaru kina ginawa zai shiga rigimar da ba ki da takardar kare kanki a cikinta. Musulunci ya ba mace ikon mallakar dukiyarta, dokar ƙasa ma haka, to me zai sa ki rubuta guminki da sunan wani? In kuna tarayya ne da gaske, a sa sunayenku duka biyu. Bayan an gama, ki shiga wurin binciken jama'a a shafin CAC, ki rubuta sunan, ki gani da idonki ya fito. Kyauta ne, kuma shi ke tona asirin takardar bogi.

Sai tambayar da kowa ke yi: sunan sana'a ko kamfani? Bambancin yana ga bashi. Sunan sana'a riga ce kawai kika sa, ke ce dai a ciki. In sana'ar ta ci bashi, mai bin bashi zai iya bin keken ɗinkinki da kuɗin asusunki na kanki. Kamfani mai "Limited" kuwa doka na kallonsa a matsayin wani mutum daban, bashinsa nasa ne, sai dai in kin tsaya masa da kanki ko an yi zamba. Dokar 2020 ta sauƙaƙa kafa shi: mutum ɗaya tak zai iya, kuma mafi ƙarancin jarin hannun jari naira 100,000 ne. Amma rajistarsa ta fi tsada, takardunsa na shekara-shekara sun fi yawa. Ga mai jarin dubu hamsin ko ɗari, wadda ba ta cin bashin banki, shawarata ita ce sunan sana'a ya wadatar. Ranar da kwangila ta girma ana iya kafa kamfani.

Akwai wajibin da ake yawan mantawa bayan an karɓi takarda. Sashe na 822 ya ce kowace shekara, kafin 30 ga Yuni ta wuce, sai an miƙa wa hukumar rahoton shekara, in ban da shekarar da aka yi rajistar. Kuɗinsa kaɗan ne, amma tarar makara tana taruwa, kuma sunan zai iya komawa cikin jerin waɗanda ba sa aiki. Mutane kan gane haka ne ranar da banki ya dawo musu da takardunsu. In kin sauya adireshi ko kin ƙara abokiyar tarayya, shi ma sai an sanar. Sannan ki sani rajistar suna ba ta kare tambarin kayanki. Alamar kasuwanci ofishinta daban, a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari ta tarayya.

Yanzu robar Goggo. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wato NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana aiki da dokar da ta hana a sarrafa, a tallata ko a sayar da abincin da aka sarrafa, magani, kayan shafa da ruwan sha na leda ko roba, sai an yi musu rajista. Yaji a roba mai tambari, dambun nama a gwangwani, zoɓo a kwalba, man shafawa, sabulun wanka, duk sun shigo ciki. Takardar CAC ba ta tsaya a madadin lambar NAFDAC, hasali ma ita ce ta farko da za a nema kafin a saurare ki. Jami'ai za su zo su ga inda ake aikin, su ɗauki samfuri zuwa ɗakin gwaji, su duba abin da aka rubuta a jikin robar: abubuwan da aka haɗa, ranar yi, ranar lalacewa, adireshin mai yi. Masu taɓa abincin kuma sai sun kawo shaidar gwajin lafiya. Lambar in ta fito tana aiki shekara 5. Hukumar na da tsari mai rangwame na ƙananan masu sana'a, amma abin da ya fi ba masu aikin gida wahala shi ne wuri. Turmi a tsakar gida, kaji na yawo, shanya a gefe, ba zai wuce ba. Ana son wuri keɓaɓɓe, mai tsafta, wanda ba a kwana ko girkin gida a cikinsa. Na san wannan nauyi ne a kan mai ƙaramin ƙarfi. Amma duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro saboda gurɓataccen abin sha ba zai ce sharaɗin zalunci ne ba.

Mai ɗinki, mai kitso, mai lalle, mai saƙa hula, mai sayar da atamfa daga ɗaki, babu ruwansu da NAFDAC. Mai waina ko tuwon sayarwa da ake ci nan take, ita da duba-gari ne, domin kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da shaguna, gidajen abinci, gidajen burodi, wuraren wanki da guga, da allunan talla. In kin kafa allo a ƙofar gida, kada ki yi mamakin ganin mai rasit. In kuma gidan haya kuke, a fara shawartar mai gidan, don yarjejeniyar haya da yawa ta zama ce kawai.

Tsoron haraji shi ke hana wasu rajista, alhali ga mai ƙaramin jari abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Mai sunan sana'a ba ya biyan harajin kamfani. Harajin kuɗin shiga na mutum yake biya, ga hukumar tara kuɗin shiga ta jiharsa, kuma a kan riba ake lissafi, bayan an cire kuɗin kaya da ɗawainiya. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ta ce naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Sai dai ba za ki iya nuna cewa ribarki ba ta kai haka ba in ba kya rubutawa. Littafi mai bango na 'yan makaranta ya isa: shafin hagu abin da aka saya, barkono nawa, daddawa nawa, kuɗin niƙa, kuɗin mota, shafin dama abin da aka sayar. Kuɗin cefane kuma kada ya haɗu da na sana'a a gwangwani ɗaya.

Goggo ta yi rajistar sunan, da sunanta da lambar wayarta, ta buɗe asusu. Robobin ta dakatar da su tukuna, ta ci gaba da auna wa maƙwabta kamar da. Ɗakin da ke kusa da zaure, wanda ake ajiye tarkace, an kwashe shi an yi masa siminti, saura raga a taga da silin. Kwasar adashinta a watan gobe take, kuma ta riga ta gaya wa mai kantin ya ƙara mata haƙuri.